Azumin da Na Hana Hamdiya Fita

Azumin bana cikin zafi ya zo mana. Tun da hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara kamar ana taka shi, kafin azahar maƙogwaro ya bushe, yawu ya yi kauri. Matan gidanmu sun yi ta roƙon ruwan sama, ko da yayyafi ne, don gari ya yi sanyi. Ni ban roƙa ba, ban kuma hana su ba. Ranar ashirin da ɗaya hadari ya taso daga wajen unguwar Sofoline a nan Kumasi, aka yi ruwa na ɗan lokaci. Ƙasa ta yi ƙamshi, bayan ƙamshin kuma sai warin gota ya biyo. Wannan warin ne ya sa na nemi takarda. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina so in rubuta abin da ya faru a wancan azumin yadda ya faru, tun da sauran hankalina.

Shekara bakwai ke nan. A lokacin, tsakiyar damina azumi yake faɗowa. Ƙishirwa ba ta damunmu sosai, ruwa ne yake damunmu. Gidan da nake zaune na Alhaji Sumaila ne, yayan mijina marigayi. Iyayensu daga garin Tawa, can arewa, suka zo Kumasi fataucin goro, suka gina ɗakuna kewaye da tsakar gida guda. Bayan katangarmu akwai babbar kwata wadda muke kira gota, ita ke kwashe ruwan unguwa duka. Da can tana da zurfi, har mutum zai tsaya a ciki ba a ga kansa ba. A hankali yashi da leda da shara suka cika ta, gefenta ya rushe. Ruwa in ya zo bai sami hanya ba, sai ya shigo mana.

Sana'ata koko da ƙosai. Da azumi nakan jiƙa gero bayan sallar asuba, in surfa wake, da hantsi in kai niƙa, da azahar in tace ƙullu, bayan la'asar in hura wuta. A wannan shekarar komai ya yi wuya. Gawayi ba ya bushewa, sai hayaƙi mai sa hawaye. Gero ya yi ƙaranci a kasuwa saboda motocin arewa ba sa isowa da wuri. Wanki yakan kwana uku a igiya yana tsami. Tabarmar salla kanta danshi take yi, in ka yi sujada ka ɗago da warin ƙasa a goshi.

'Yata Hamdiya tana da shekara ashirin da huɗu. Ita kaɗai Allah ya bar mini. Ɗinki take yi a wani shago a unguwar Dichemso, tana dawowa kafin la'asar ta kama mini suya. Yarinya ce mai gardama tun tana ƙarama. In na ce ƙullun nan ya yi, sai ta sa cokali ta ce bai yi ba. Sau da yawa kuma ita ke da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Akwai kuma Anti Akosuwa, mutuniyar Asante ce, tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Race Course. Ta fi shekara ashirin a ɗakin da ke kusa da nawa. Ba ta azumi, amma tunda muke ban taɓa ganin ta sa wani abu a baki a tsakar gida da rana a watan azumi ba. Ɗaki take shiga ta rufe ƙofa.

Ranar tara ga azumi, bayan la'asar, aka tsuge da ruwa. Na riga na sa mai a wuta. Ba a jima ba muka ji gota tana gurnani a bayan katanga, sai ga baƙin ruwa ta ƙarƙashin ƙofa, ɗauke da leda da ɓawon lemo da abin da ba zan rubuta ba. Mun saba, kowa ya san aikinsa. Maza suka ja buhunan yashi zuwa bakin ƙofa. Mu mata muka ɗora kurfoti a kan benci da wutarsa, muka jera muna miƙa bokiti hannu zuwa hannu. Ga yunwa, ga sanyi, ƙafa tana rawa a cikin ruwa. Ruwan ya kai gwiwa. Na tattare zanina sama, na ɗauki tukunyar ƙullu na ɗora a kai don kada ta tafi. Garin ɗorawa kallabina ya zame ya faɗa ruwa. Ban bi shi ba, hannuna biyu suna riƙe da tukunya.

Ban san Hamdiya ta hau kan durom tana ɗauka da waya ba. Daga baya na ga abin. Ga ni tsaye, kai a buɗe, furfura a waje, ƙwauri a waje, ina ihu a kama bencin. Ga muryarta a bayan hoton tana cewa, “Ku duba. Wannan uwata ce. Azumi take yi. Nan ne za ta sha ruwa yau. Shekara nawa muna faɗa a gyara gotar nan?”

Kafin kwana biyu bidiyon ya zaga ko'ina. Hamdiya ta buɗe guruf a waya, mutanen unguwa suka yi ta shiga, har da 'yan Zongo, wato unguwannin baƙi irin tamu, da ke Accra da waɗanda ke Turai. Ni ma ta sa lambata. Wayata ba ta hutawa, tana kan taga tana ta ƙara. Kowa yana turo hoton gidansa: katifa a kan kujera, buhun shinkafa ya jiƙe, tsohuwa a kan tebur. Sai a lokacin na san ashe gidaje da yawa haka suke shan ruwa, kowa ya rufe ƙofarsa yana kwasa shiru. Suka sa rana, Litinin ta ashirin ga wata, za a taru a bakin masallaci da hantsi a taka zuwa ofishin hukuma, ba zagi, ba jifa. Hamdiya ta kwaso jan yadi daga shago tana yanka shi siri-siri, na ɗaurawa a hannu da goshi, kamar yadda mutanen garin nan suke yi in abu ya ishe su.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin farko na ji daɗi. Ina suya ina satar kallonta tana amsa waya kamar wata babbar ma'aikaciya.

Sai na je Race Course sayen wake. Wata mata da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ce, “Ei! Ai ke ce ta cikin waya, mai tukunya!” Ta kira maƙwabtanta su zo su gan ni. Ba da mugunta ta yi ba, har tana yi mini sannu. Amma na ji kamar a tsirara nake. Washegari aka nuna mini wasu sun yanke kaina da tukunyar daga cikin bidiyon, sun mai da shi ɗan hoton ban dariya da ake turawa in an yi raha. Da yamma ƙanwar mijina ta kira daga Tawa. Bayan gaisuwa ta ce, “Yaya, mun gan ki. Har surukaina sun gani. Ashe haka kuke zaune a Kumasi?” Shekara talatin ba namijin da ya ga gashin kaina sai mijina. Tunda ya rasu ban taɓa bari wani ya san me ke cikin tukunyata ba.

Da muka sha ruwa na ce wa Hamdiya ta goge.

Ta ce, “Mma, ko na goge nawa, na mutane fa? Ya riga ya fita.”

“To wa ya ce ki ɗauke ni ba kallabi?”

“Ruwa ne ya cire miki kallabi, ba ni ba. Shi ya kamata ki yi wa fushi.”

Anti Akosuwa tana bakin ƙofarta tana gyara kifi, ta yi dariya ta ce, “Mma Hamdiya, bar yarinya. Ni nawa kan duka ma ina so a ɗauka, in dai za a gyara gota. Furfura ai ba sata ba ce.”

Na ce, “Ke ba za ki gane ba.”

Ta ce, “Ruwan da ya shiga ɗakinki, shi ya shiga nawa. Me ban gane ba?”

Na shiga ɗaki.

Ranar Asabar, saura kwana biyu a fita, Alhaji Sumaila ya aika a kira ni bayan azahar. Hamdiya tana shago. Na tsuguna daga bakin tabarma na gaishe shi. Mutumin kirki ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar ƙaninsa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce manyan unguwa sun kira shi. Ya ce sau uku suna zuwa wurin hukuma a kan gotar nan, an kuma yi musu alkawari, yanzu yara za su je su ɓata magana. Ya ce, “Mu baƙi ne a ƙasar nan ko mun shekara ɗari. In aka yi jifa guda, ba za a ce wane ba ne, cewa za a yi 'yan Zongo. Kuma 'ya mace ce a gaba, daga gidana. Ni ba ta jin maganata. Ke ce uwa. Ke kuma aka gani a hoton, in kika yi magana za a ji.”

Na ce, “Yaya, me zan ce?”

Ya ce, “Abin da ke ranki.”

Ban iya tura saƙon murya sosai ba. Shi ya buɗe mini guruf ɗin, ya nuna mini inda zan danna in riƙe. Ban manta abin da na faɗa ba. Na yi sallama, na ce, “Ni ce matar da kuka gani a cikin ruwa. Ni ce uwar Hamdiya. Ba da izinina aka ɗauke ni ba. Ina azumi nake wannan magana. Duk wanda ya fita ranar Litinin da sunan hotona, ban yafe ba. 'Yar da na haifa ma in ta fita, ban yafe ba.” Na ɗaga yatsa, saƙon ya tafi.

Wanda ba ɗan cikinmu ba zai ce magana ce kawai. Mu mun san nauyinta. Uwa, da azumi a bakinta, a watan da kowa ke neman gafara, ta ce ba ta yafe ba. Wa zai taka wannan ya wuce? Wayar da ta kwana goma tana ƙara ta yi tsit. Can sai saƙonni suka fara shigowa ɗaya-ɗaya: Mma ki yi haƙuri. Mma mun bari. Mma ki yafe mana. Yadda bidiyon ya zaga, haka saƙona ya zaga, ya ma fi shi sauri.

Hamdiya ta dawo a kan lokacinta. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshi. Ta ajiye jakarta, ta wanke hannu, ta zauna gaban kasko. Ta ce, “Mma, a zuba?” Na ce a zuba. Ta ci gaba da suya har aka kira magariba.

Ranar Litinin ta tashi ta yi shiri kamar mai fita, har da takalmi. Ta tsaya a bakin ƙofata ta ce, “Mma, har yanzu maganarki tana nan?”

Na ce, “Tana nan.”

Ta cire takalmin ta jera su a gefe, ta ɗauki ƙwaryar gero ta tafi niƙa.

Anti Akosuwa ce ta ɗaura jan ƙyalle a kai ta fita. Ta ce ita ba hotona ya fitar da ita ba, katifarta ce. Da azahar ta dawo a jiƙe. Na tambaye ta yaya. Ta ce, “Mu tara. Da wani mai tallar burodi da ya ga jan ƙyalle irin na zaman makoki a garin nan, ya bi mu yana zaton jana'iza ne, mu goma. Mai gadi ya karɓi takardar kokenmu ya ce oga ba ya nan.” Ta yi dariya, amma ba ta kalle ni ba.

Daga ranar gidan ya yi mini yadda na daɗe ina so. In na ce ƙullu ya yi, sai Hamdiya ta ce to. In na ce a ƙara gishiri, ta ƙara. Ba ta yi mini fushi a fuska ba, tana gaishe ni da safe a tsugune, tana wanke mini kaya. Na ce a raina yarinya ta yi hankali.

Manyan unguwa ba su so a ce sun hana fita sun kuma zauna ba. Suka sa aikin gayya ranar ashirin da bakwai, kowane gida ya fito da shebur a yashe gota. Hamdiya ta zo ta ce, “Mma, wannan fa? Kin yarda?” Na ce wannan ai aikin lada ne, ki je.

An yi aiki ranar. Maza a ciki suna haƙa, mata a baki suna kwasa da kwanon sarki suna zubarwa. Rana ta fito bayan ruwan safe, tururi yana tashi daga laka, wari ya cika hanci, ga ciki ba komai. Wasu samari suna waƙa don su manta yunwa. Da hannu ya yi ƙaranci a ciki, Hamdiya ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta sauka, da silifas a ƙafa. Wajen la'asar ta fito tana ɗingishi. Tsohon kwano mai tsatsa da ke binne a laka ya yanke ta a tafin ƙafa. Yankan ba shi da faɗi, zurfi gare shi.

Na wanke mata da ruwan zafi da gishiri, na shafa man kaɗanya, na ɗaure. Anti Akosuwa ta duba ta ce, “Wannan ba na gida ba ne. Ku je a yi allura yanzu-yanzu.”

Tun ina yarinya nake ji ana cewa allura tana karya azumi. Ga shi saura kaɗan a sha ruwa, ga masu sayen koko sun fara taruwa, bayan magariba kuma aka sake tsugewa da ruwa. Na ce, “Kwana uku ya rage. A bari a yi Salla, sai mu je.”

Akosuwa ta juya wurin Hamdiya ta ce, “Ke mai baki, ba kya magana?”

Hamdiya ta kalle ni, ta ce, “Yadda Mma ta ce.”

A nan nake tsayawa duk lokacin da na tuna. Na san 'yata. Da wata guda kafin nan ne, da ta ce mini, Mma wa ya gaya miki, wane malami, a wane littafi. Da ta ɗauki mayafinta ta tafi ina faɗa a bayanta. Daga baya na tambayi wani malami, ya ce irin wannan allurar ba ta taɓa azumi ba.

Aka yi Salla. Bakin ciwon ya rufe, ta daina ɗingishi, muka manta da asibiti. Ta ɗinka mini atamfa mai ruwan ƙasa, ta ɗaura mini kallabi da hannunta. Kwana shida bayan Salla ta ce wuyanta ya riƙe. Washegari ta kasa buɗe baki ta sha koko, cokali yana tsayawa a haƙoranta. Alhaji ya nemo mota. A asibiti suka tambayi ko ta ji rauni kwanan nan, na ce eh. Suka tambayi ko an yi allura. Na ce a'a. Likita ta rubuta, ta ce ciwon sarƙe haƙora ne, ta yankan ƙafar nan ya shiga. Sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu.

Sun sa ta a ɗaki mai duhu, domin haske ko ƙara kaɗan sai jikinta ya sandare ya lanƙwashe. Aka ce in yi magana a hankali. Ranar ta huɗu na matsa kusa da kunnenta na ce, “Hamdiya, na yafe miki duniya da lahira. Maganar nan na janye ta. Ke ma ki yafe mini.” Idonta a buɗe yake, tana ji na. Haƙoranta a datse. Na jira. Na ga maƙogwaronta yana motsi. Wata ma'aikaciyar jinya ta taɓa kafaɗata ta ce in fita haka nan, jikin zai sake tashi. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Mutanen da suka zo jana'izarta sun cika layinmu har bakin titi. Hotonta yana kan wayar kowa, da addu'a a ƙarƙashi. Waɗanda ke Turai suka yi ta kira. Alhaji Sumaila ya zo ya zauna a bakin ƙofata, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe a zaune, sannan ya tashi. Damina ba ta ƙare ba sai da yashi ya sake cika inda aka yashe.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse, na kira Anti Akosuwa ta riƙe mini waya. Ta buɗe guruf ɗin, na danna. Na ce, “Ni ce uwar Hamdiya. Abin da na faɗa da azumi kuskure na yi. Na yafe wa kowa. Gotar tana nan yadda take. Ku sa rana ku fita, ni ma zan fita, ku ɗauke ni yadda kuke so.”

An amsa mini da yawa. Allah ya jiƙanta, Mma. Allah ya ba ki haƙuri, Mma. Wasu suka turo ɗan hoton hannuwa biyu a ɗage. Na zauna da wayar a cinya har la'asar ina jiran wanda zai ce Litinin ko Alhamis. Wajen magariba wata ta turo hoton mayafai sababbin zuwa, ta ce mai so ya yi mata magana. Daga nan aka ci gaba da sanarwar suna da ɗaurin aure.

Ban fita daga guruf ɗin ba. Har yau ba wanda ya sa rana.